Takobi Mai Haƙoran Zarto: Amsoshin Tambayoyinku Kan Makamin Sojojin Injiniya Na Rasha

A wannan fitowa filinmu na tambaya da amsa ya tsaya ne a kan abu ɗaya, domin wasiƙu uku sun iso mana daga cikin birnin Sakkwato, kuma dukansu suna magana ne a kan wani gajeren takobi da hotonsa ya yi ta yawo a wayoyin jama'a.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tsohon soja ne, kuma a ɓangaren injiniyoyi na yi aikina har na yi ritaya. Kwanan baya jikana ya nuna mini hoton wani gajeren takobi mai faɗi a Facebook, bayansa duk haƙora ne kamar na zarto, an rubuta a ƙasa cewa na sojojin injiniya na Rasha ne, wai kuma an yi masa haƙoran ne don ya yayyaga naman abokin gaba yadda raunin ba zai ɗinku ba. Abin ya tsaya mini a rai, saboda mu a namu aikin adda da diga da shebur muka sani, ba mu san wannan mugunta ba. Mene ne gaskiyar wannan makami, kuma yaushe aka yi amfani da shi? Daga wani tsohon soja, unguwar Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hoton da aka nuna maka na gaskiya ne, amma bayanin da aka liƙa masa ba daidai ba ne, kuma na ji daɗi da ka ce adda kuka sani, domin da wannan kalma ɗaya ka riga ka kai rabin amsar. Sunan wannan makami a harshen Rashanci shi ne tesak, kuma kalmar ta samo asali ne daga aikatau da ke nufin sassaƙa ko saran itace. Tun daga sunansa ke nan za a gane cewa ɗan'uwan adda ne da aka yi wa ado irin na takobi, kuma itace ne abincinsa na yau da kullum.

Kafin a fahimci makamin sai an fahimci mai riƙe da shi. Rashawa sun daɗe da sanin amfanin masu haƙa a fagen yaƙi, domin a shekarar 1552, lokacin da Sarki Iban na Huɗu ya kewaye birnin Kazan, ta ƙarƙashin ƙasa aka haƙa rami aka cusa albarushi aka tarwatsa ganuwar. Amma tsara aikin a matsayin sana'a ta soja ya fara ne a zamanin Sarki Pita na Ɗaya, wanda ya ba da umarnin buɗe makarantar koyar da harbin igwa da aikin injiniya a Masko a shekarar 1701, kuma har yau ranar 21 ga Janairu ce sojojin injiniya na Rasha ke bikin ranarsu saboda wannan umarni. A shekarar 1797, a zamanin Sarki Pol na Ɗaya, aka kafa runduna guda ta masu share hanya da gina shinge, kuma samfurin tesak ɗin injiniyoyi da aka fi sani da farko yana ɗauke da wannan shekara ce.

Ga kamanninsa. Ruwan takobin, wato ƙarfen da ke sara, tsawonsa kimanin santimita 50 ne, faɗinsa kuma yana kaiwa santimita 8 da rabi, abin da ya kusa faɗin tafin hannun babban mutum. Gefe ɗaya kaifi ne, ɗaya gefen kuma an yanka masa haƙoran zarto. Ƙotarsa ta itace ce, da ɗan ƙarfe a gicciye da ke tare hannu, kubensa kuma itace ne da aka lulluɓe da fata. Duka-duka tsawonsa bai wuce santimita 70 ba, amma nauyinsa yana kusantar kilo 2. Baba, kai da ka riƙe adda shekara da shekaru ka san abin da wannan nauyi ke nufi. Takobin da aka ƙera don fafatawa da mutum ana so ya zama marar nauyi a gaba, don hannu ya juya shi da sauri ya kare sara ya mayar da martani, kamar dai takubban da mahaya ke ratayawa a hawan salla. Wanda aka ƙera don saran reshe kuwa nauyinsa ake turawa gaba, don ƙarfen ya faɗa wa itacen da kansa, hannu kawai ya saita shi. Tesak yana cikin kashi na biyu ne. An sake fasalinsa a 1827, aka kuma sake a 1834, inda ƙotar tagulla ta maye gurbin ta itace, amma haƙoran bayan nan suna nan ba a taɓa su ba. Wannan ya faru ne a mulkin Sarki Nikolas na Ɗaya, wanda kafin ya hau gadon sarauta a 1825 shi ne babban sufeton sojojin injiniya, kuma ya kasance mai ji da su har ƙarshen rayuwarsa.

To me ake sara da shi? A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin aikin yana da ban sha'awa kuma ba a cika ba da labarinsa ba. A wancan zamani, idan runduna ta zo cin birni mai ganuwa da igwogi, ba ta iya tunkararsa kai tsaye a fili, sai dai ta matso a hankali ta cikin rami mai lanƙwasa, wanda ake haƙawa yana karkata hagu da dama don kada harsashi ya bi tsawonsa ya share mutanen da ke ciki. Faransawa suna kiran wannan rami sap, kuma daga nan ne sunan masu haƙa shi ya fito, har ya shiga Rashanci a matsayin sapyor. Mai haƙa na gaba yana durƙushe ne a kan gwiwoyinsa, kuma abin da ke tsakaninsa da mutuwa shi ne wani kwando marar gindi, mai siffar ganga, wanda aka saƙa da tsumagu. Yana ajiye kwandon a gefen da harbi ke fitowa, ya cika shi da ƙasar da yake haƙowa, sannan ya ja jiki gaba kaɗan ya ajiye wani. A gabansa kuma ana gangara wani ƙaton kwando a kwance, cike da itatuwa, ya zama garkuwa. A saman kwandunan ana shimfiɗa dogayen dammunan ƙirare da aka ɗaure tam, kuma da irin waɗannan dammuna ne ake cike gwalalo, ake shimfiɗa hanya a kan taɓo don kekunan igwa su wuce.

Kowane kwando guda yana bukatar turaku da aka fiƙe bakinsu, a kafa su a da'ira a ƙasa, sannan a bi su da tsumagu ana saƙawa ciki da waje, kamar yadda ake saƙa jikin rumbu ko shingen garka a ƙauyukanmu. Kewaye birni ɗaya kuwa yana cin dubban kwanduna. Saboda haka kafin a harba igwa ta farko, sai ka ga an tura ɗaruruwan mutane cikin kurmi, wannan yana saran reshe da kaifin tesak, wancan yana fiƙe turke, wani kuma ya juya bayan takobin yana yanka sandar da ta fi ƙarfin sara ɗaya. Wannan shi ne aikin haƙoran, kuma Turawan Ingila ma sunan da suka ba irin wannan makami yana nufin wuƙar yin dami ne.

Mu mutanen Sakkwato bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan birni a 1809, ya gina tsaron daula ne a kan ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka irin su Wurno, kuma ganuwa ba ta tsayawa sai da masu kwaɓa ƙasa, da masu haƙa gwalalo, da masu dasa sarƙaƙiya a kewaye. Haka nan idan runduna ta yada zango, sai an saro ƙaya an yi kirinji kafin kowa ya kwanta. Waƙoƙin yabo sun fi ambaton barade da masu lifidi, amma wanda ya saro ƙayar nan da gatari ko adda shi ne ya sa baraden suka kwana lafiya, kuma a ganina haƙƙinsa ne a riƙa tunawa da shi.

Inda injiniyoyin Rasha suka fi yin suna shi ne a yaƙin Kirimiya, lokacin da sojojin Faransa da Ingila da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Shehu ba, suka kewaye birnin Sebastopol daga kakar 1854 zuwa Satumbar 1855, kusan wata 11. Gefen birnin da ke fuskantar tudu kusan a buɗe yake sa'ad da abokan gaba suka sauka, amma wani injiniya mai suna Eduwad Totleben, wanda shekarunsa 36 a lokacin, ya sa sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da mutanen gari suka tayar da shingayen ƙasa da kwanduna cikin 'yan makonni, abin da igwa ta rushe da rana a gyara shi da dare. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin shingayen nan kuma, wanda ake kira shinge na huɗu, aka yi yaƙin cikin ƙasa da Faransawa, inda Rashawa suka haƙa ramuka da tsawonsu ya kusa kilomita 7, suna kasa kunne su ji ƙarar digar abokin gaba don su riga shi fasa albarushi. A irin wannan rami, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye kuma kyandir na mutuwa saboda ƙarancin iska, doguwar bindiga mai banati, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ba ta da wurin juyawa, don haka gajeren makami ne ke amfani idan aka yi kiciɓis. Ba zan ce maka ba a taɓa saran mutum da tesak ba, domin makami ne kuma an ba soja shi ne don ya kare kansa ma. Abin da nake cewa shi ne da kaifin ake faɗa, haƙoran kuwa a wajen faɗa cikas ne, saboda suna kama tufafi da ɗamara su hana a zare ƙarfen da sauri.

Ita kuwa maganar yayyaga nama tana da asali, amma daga wani yaƙi dabam. A Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu sojojin Jamus, musamman injiniyoyinsu, suna ɗauke da banati mai haƙoran zarto a baya, wanda shi ma don itace aka yi shi. Farfagandar Ingila da Faransa ta yayata shi a matsayin shaidar rashin imanin Jamusawa, har labari ya bazu cewa duk wanda aka kama da shi ba za a bar shi da rai ba, abin da ya sa a 1917 hukumomin sojan Jamus suka fara janye shi suna goge haƙoran. Wannan tsohon zargi ne aka ɗauko aka ɗora wa takobin da jikanka ya nuna maka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni maƙeri ne, gadon gidanmu ke nan. Na ga hoton nan, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarfe ɗaya zai zama adda kuma ya zama zarto, alhali zarto siriri ake so, adda kuwa mai kauri. Anya wannan zarton yana yanka kuwa? Kuma a ina ake ƙera su? Daga wani maƙeri, Maƙera Assada.

AMSA: Barka kadai, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Shakkarka a kan hanya take, domin tambaya ce ta wanda hannunsa ya san ƙarfe. Zarton kafinta siriri ne, kuma ana karkata haƙoransa ɗaya hagu ɗaya dama, don tsagar da yake yi ta fi jikinsa faɗi, kada itacen ya matse shi. A jikin tesak ba za a iya yin haka ba saboda kaurin ƙarfen, sai dai maƙeran sun ci wata riba ta dabam: bayan takobin shi ne wuri mafi kauri, daga nan ƙarfen ke sirancewa zuwa kaifi, don haka idan haƙoran suka buɗe tsaga, sauran jikin yana bi ba tare da ya maƙale ba. Matsalar ita ce tsagar tana da faɗi ƙwarai, wato mai yankan yana cinye itace mai yawa kafin ya raba sanda biyu, ga shi kuma tsawon zarton bai kai kamu biyu na kirki ba, hannu na kai da komowa a gajeren zango. Saboda haka yana yanka sanda da ƙaramin reshe, yana yin gurbi a jikin gungume inda za a ɗaura igiya ko a haɗa katako biyu, amma ba ya kayar da bishiya. Manyan ayyuka na gatari ne da babban zarto, waɗanda ke biye da runduna a cikin keken kaya. Amfanin tesak shi ne kullum yana rataye a ƙugu, ko keken kayan ya maƙale a taɓo a baya.

Ka kuma san wahalar da ke cikin ba ƙarfe tauri. Idan ka ƙona shi ka tsoma a ruwa ya yi tauri sosai, haƙoran za su daɗe ba su dakushe ba, amma ranar da aka sari busasshen itace a cikin sanyin Rasha, wanda ke sa ƙarfe saurin karyewa, sai ya tsage, kuma tsagar za ta fara ne daga gindin haƙori, domin kowane gurbi da aka yanka da magagari wuri ne mai rauni. Idan kuma ka bar shi da taushi, kaifin zai naɗe. Tsakiyar nan ake nema, irin wadda kuke nema idan kuna ƙera adda daga sifirin mota, kuma kaurin da aka ba ƙarfen yana cikin abin da ke hana shi karyewa.

Game da wurin ƙira, babbar masana'antar makamai masu kaifi ta Rasha tana garin Zlatust ne, a cikin duwatsun Ural, an buɗe ta a 1815. Gwamnati ta ɗauko ƙwararrun maƙera daga Jamus, musamman daga garin Solingen da ya yi suna a ƙirar wuƙaƙe, suka zo da iyalansu suka koyar da 'yan ƙasa. A can ne kuma wani masanin ƙarfe mai suna Pabel Anosob ya shafe shekaru yana gwaji har ya gano yadda ake narka ƙarfen nan mai zane-zane kamar ruwa, irin na tsofaffin takubban Farisa da Indiya, wanda Rashawa ke kira bulat. Wannan ƙarfe mai tsada ba shi ake ba ƙaramin soja ba, amma hannayen da suka ƙware a wannan masana'anta su ne suka riƙa fitar da makaman talakan soja da dubbai, kowanne da hatimin masana'anta da shekarar ƙira a jikinsa. Bambancinsu da ku shi ne su awo ɗaya gwamnati ta ba su, dole kowane takobi ya shiga kowane kube, ku kuwa kuna ƙera wa kowa daidai hannunsa, sannan badukun da ke kusa ya ɗinka masa kube da jar fatar akuyar Sakkwato.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce mai karanta tarihi. Idan har wannan makami yana da amfani haka, me ya sa aka daina amfani da shi? Daga wata ɗaliba, unguwar Runjin Sambo.

AMSA: Malama, ina amsawa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bindiga ce ta kore shi, amma ta hanyar da ba a zata ba. Tun a 1848 aka ba sojojin ƙasa na Rasha wani sabon tesak miƙaƙƙe mai kaifi biyu, marar haƙora, wanda aka kwaikwayo daga samfurin Faransa na 1831, shi kuma an kwaikwayo shi daga takobin Rumawan dā. Sojojin Faransa da kansu suna kiran nasu abin yanka kabeji, wanda ke nuna cewa a wajen girki da saran itacen wuta ya fi aiki. Wato tun a lokacin makamin ya fara komawa kayan ado da nauyin banza a ƙugun sojan da ba injiniya ba.

Abin da ya yanke hukunci shi ne yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878. A garin Plebna, a ƙasar Bulgeriya ta yau, kwamandan sojojin Turkiyya Usman Pasha ya sa sojojinsa suka haƙa ramuka suka tayar da shingayen ƙasa, suna riƙe da bindigogi masu ɗurawa ta baya da ke harbi da sauri kuma daga nesa. Sau uku Rashawa suka kai farmaki, sau uku aka mayar da su da asarar dubban rayuka, kuma waɗanda suka samu suka kama wani tudu ba su da abin haƙa, sai suka riƙa tonon ƙasa da banati da murfin kwanon abinci da hannu. Daga ƙarshe sai da aka kira Totleben, wanda ya hana sake kai farmaki, ya kewaye garin ya toshe hanyoyin abinci, har Usman Pasha ya miƙa wuya a Disambar 1877. Darasin da aka koya shi ne cewa yanzu haƙa rami ya zama aikin kowane soja a duk inda harbi ya same shi, kuma ba shi da lokacin zuwa kurmi ya saro tsumagu ya saƙa kwando. Abin da yake bukata shi ne ya nutse cikin ƙasa cikin 'yan mintoci, yana kwance a kan cikinsa.

Kayan aikin da ya dace da wannan bukata wani hafsan sojan Denmak mai suna Linneman ne ya ƙirƙiro shi wajen 1870, wato ƙaramin shebur mai gajeriyar ƙota, kuma Rasha na cikin ƙasashen da suka karɓe shi suka raba wa sojojinsu. A shekarun 1880 aka janye tesak daga yawancin rundunoni, aka bar shi a ƙugun makaɗan badujala da wasu dakarun fadar sarki a matsayin kayan fareti, har zuwa juyin juya halin 1917. Shi kuwa ƙaramin shebur ɗin yana nan a hannun sojan Rasha har yau, tsawonsa santimita 50 cif, don a riƙa awo da shi, kuma ana wasa gefensa ya yi kaifi yadda zai sari saiwa da reshe, ya kuma zama makami idan an haɗu gaba da gaba a cikin rami. Idan kina neman batun da za ki yi nazari a kansa a nan gida, ki je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ki dubi makaman da aka adana, sannan ki zauna da dattawan Maƙera Assada ki tambaye su waɗanne kayan aiki kakanninsu suka riƙa ƙera wa masu ginin ganuwa da masu yin kirinji, da sunan da ake kiran kowanne.